Alfons Puwatban, Injiniyan Da Ya Jeme Danƙo Da Hasken Rana

Duk wanda ya taɓa kwance ƙunshin tsofaffin takardu, ya tarar hoton mahaifinsa ya koma rawaya, fuska ta dushe har ba a rarrabe ido da hanci, ya san baƙin cikin da ke cikin wannan al'amari. Mutum ya tafi, abin da aka ajiye domin tunawa da shi kuma yana bin bayansa sannu a hankali. Wannan ciwo ba na yau ba ne, tare da hoto aka haife shi. A cikin waɗanda suka ƙarar da rayuwarsu wajen neman maganinsa akwai wani injiniya Bafaranshe mai suna Alphonse Poitevin, sunan da ke fita Alfons Puwatban a bakin Bahaushe. Shi ne ya nuna ma duniya yadda za a buga hoto da gawayi da tawadar ɗab'i, ba tare da azurfar da ke dushewa ba.

An haife shi ran 30 ga watan Agusta na shekarar 1819 a ƙauyen Conflans, cikin jihar Sarthe, yamma da birnin Pari. Ya yi karatunsa na farko a Saint-Calais, ɗan ƙaramin gari da ke maƙwabtaka da ƙauyensu, sa'an nan ya wuce Pari, ya shiga babbar makarantar injiniyoyi da ake kira Ecole Centrale. Cikin watan Agusta na 1839, gwamnatin Faransa ta bayyana ma jama'a asirin ɗaukar hoto na Daguerre. Birni ya ɗauka, kowa na son ganin farantin nan mai ƙyalli da ke kama surar mutum. Saurayin ya kamu da son abin, amma ba da jimawa ba ya lura da aibinsa: hoton Daguerre guda ɗaya tak yake fita bisa farantin tagulla mai rufin azurfa, ba ya haihuwa. In mutum goma na son sa, sai a ɗauka sau goma.

A 1843 ya sami takardarsa ta injiniya mai ilimin haɗa magunguna, ya kama aiki a ma'aikatun gishiri na gabashin Faransa, a Dieuze da Montmorot da Gouhenans. Da rana yana lura da tukwanen dafa ruwan gishiri, da dare yana gwaje-gwajensa na hoto da kuɗin albashinsa. A 1848 ya gabatar da wata dabara ta mayar da farantin Daguerre abin bugawa, aka ba shi lambar azurfa. A 1850 ya bayyana yadda za a ɗauki hoto bisa gilashi da aka shafa ma jelatin. Wannan dabara ba ta yi kasuwa ba, domin a 1851 wata ta fito daga Ingila, ta kolodiyon, wadda ta fi ta sauri. Sai bayan shekara 20 masu hoto suka komo ga jelatin, kuma har yau shi ne ke bisa kowane fim. Amma abin da ya fi muhimmanci shi ne, tun daga wannan lokaci hannun Puwatban ya saba da jelatin, ya san halinsa cikin sanyi da cikin zafi kamar yadda majemi ya san fata.

Mene ne jelatin

Kalmar baƙuwa ce, abin kuwa kowace mai girki ta san shi. In aka dafa ƙafar sa ko ganda, romo ya kwana cikin sanyin hunturu, da safe sai a tarar ya daskare yana rawa. Wannan daskararren abu shi ne jelatin. A Turai ana fitar da shi daga fata da ƙashi, a tace, a busar, ya zama ɓawo garai-garai. Halinsa uku ne. Cikin ruwan sanyi yana shan ruwa ya kumbura amma ba ya narkewa. Cikin ruwan ɗumi, da zarar zafi ya wuce digiri 30 zuwa 35, sai ya narke. In ya bushe kuma ya riƙe duk abin da aka cuɗa a cikinsa.

Masu yin takarda sun riga masu hoto saninsa da ƙarnuka. Takarda in ta fito daga ma'aikata tsirara, ƙishirwa gare ta. A ɗiga mata tawada sai ta shanye, rubutu ya bazu kamar an yi shi bisa tsumma. Tun ƙarni na 13 masu takarda na Fabriano, a ƙasar Italiya, suke tsoma kowane warƙa cikin ruwan jelatin domin ya toshe ƙofofinta, alƙalami ya bi ta kai sumul. Daga baya suka riƙa ƙara alif, dutsen nan mai tsami da ake jefawa cikin randa domin ruwa ya kwanta, saboda alif na ƙarfafa jelatin, yana kuma hana shi ruɓa. A zamanin Puwatban takardun Ingila da jelatin ake shafe su, na Faransa kuwa yawanci da sitaci, kuma masu hoto sun lura launin hoto yakan sake gwargwadon shafin da ke jikin takarda. Watau shafin nan da ido ba ya gani yana da hannu cikin aikin.

Wannan shafi ne ya buɗe ƙofa. A 1839 wani mutumin Sikotlan, Mungo Ponton, ya jiƙa takarda da ruwan wani gishiri ja-ja mai ruwan lemo, sunansa bikromat, ya ga inda rana ta taɓa ya yi duhu. A 1840 Edmond Becquerel, masani Bafaranshe, ya bi diddigi ya gano ba gishirin kaɗai ke aikin ba, sai da taimakon shafin da ke jikin takardar. A 1852 Talbot na Ingila ya nuna jelatin da aka haɗa da bikromat, in haske ya same shi, ba ya ƙara narkewa, ya kuma yi amfani da haka wajen sassaƙa hoto bisa ƙarfe. Saboda haka ba gaskiya ba ne a ce Puwatban ne farkon wanda ya ga wannan hali, ko da yake wasu masu yabonsa sun faɗi haka. Abin da ya yi ya fi gani wuya: ya tambayi kansa me wannan taurin zai iya riƙewa, kuma me zai iya ƙi.

Abin da ke faruwa cikin jelatin ɗin, in aka duba, jima ce. Ɗanyar fata in an bar ta cikin ruwa ruɓewa take. In majemi ya tsoma ta cikin ruwan bagaruwa, zaren jikinta sai su ɗaure da juna, ta zama kirgi mai jure ruwa. Bikromat yana ɗauke da wani ƙarfe mai suna kurom. Muddin yana cikin duhu, kurom ɗin na zaune bai taɓa kome ba. Da haske ya sauka, sai ya sake hali, ya kama zaren jelatin ya ɗaure su biyu-biyu. Inda haske ya yi yawa jima ta yi ƙarfi, inda ya yi kaɗan ta yi sama-sama, inda bai kai ba jelatin na nan ɗanye. Ba kwatanci ba ne kawai, domin da wannan gishiri ne aka fara jeme fatu a Amurka daga 1884.

Takardun 1855

Ran 27 ga watan Agusta na 1855 Puwatban ya karɓi takardun mallaka daga gwamnati, irin waɗanda ke hana wani ya yi amfani da ƙirƙirar mutum sai da izininsa. Hanyoyi uku ne a ciki, duk daga tushe ɗaya, kuma ya ambata ana iya yin su da jelatin, ko farin ƙwai, ko ƙaro.

Ta farko ita ce ɗab'i bisa dutse. Tun ƙarshen ƙarni na 18 Turawa ke buga zane da wani lallausan dutse, bisa dogaro da cewa mai da ruwa ba su haɗuwa. Puwatban ya shafe dutsen da farin ƙwai mai bikromat, ya ɗora dodon hoto a kai, watau gilashin nan da fari ke fita baƙi, baƙi ke fita fari, ya sa a rana. Sa'an nan ya jiƙa dutsen, ya mirgina masa tawada mai maiƙo. Inda haske ya jeme, ruwa bai shiga ba, tawada ta kama. Inda ya rage ɗanye ya sha ruwa, ya ƙi tawada. Ga hoto ya fito bisa dutse da tawadar ɗab'i, ba hannun mai zane a ciki, ana kuwa iya buga wajen 300 daga dutse guda.

Ta biyu ita ce hoton gawayi. A cuɗa baƙin hayaƙin fitila cikin jelatin mai bikromat, a shafa bisa takarda, ta bushe cikin duhu, a sa ta rana ƙarƙashin dodon hoto, sa'an nan a wanke. Ruwa ya kwashe ɗanyen jelatin da baƙinsa, jemammen ya tsaya riƙe da nasa. Duk almajirin da ya taɓa kankare baƙin tukunya ya dama da ƙaro ya yi tawada, ya riga ya san rabin wannan aiki. Rabin da ya rage shi ne, a nan rana ce ke riƙe da alƙalami.

Ta uku kuwa ya dogara ne ga kumburi. Tun da ɗanyen jelatin na kumbura cikin ruwan sanyi, jemamme ba ya yi, hoton sai ya tashi da tudu da kwari, a zuba masa farar ƙasa a ɗauki zubinsa, a yi farantin bugawa da shi.

Abin ya zo a kan gaɓa. A wannan shekara ta 1855 ƙungiyar masu hoto ta Landan ta naɗa kwamiti domin ya binciki dalilin dushewar hotuna, har mijin sarauniya Biktoriya ya ba da gudummawar kuɗi. Hotunan da aka saya da tsada shekara 10 da suka wuce sun fara ɓacewa cikin littattafai. Kwamitin ya ɗora laifi ga ragowar maganin tsayar da hoto da ba a wanke sosai ba, da farar wuta da ke cikin hayaƙin birane, da laima. Gaskiyar magana, azurfa ce ba ta da amana: ƙwayoyinta ƙanana ne ƙwarai, iska kuwa ba ta barin su.

A 1856 wani basarake attajiri, Duc de Luynes, masanin kayan tarihi da tsofaffin kuɗi, ya ajiye faran 10,000 hannun Ƙungiyar Masu Hoto ta Faransa: 8,000 ga wanda ya kawo hanya mafi kyau ta buga hoto da tawadar ɗab'i, 2,000 ga wanda ya kawo hoton takarda da ba ya dushewa. Faran ne na zinariya na wancan zamani, ba sefa ba, lokacin da ma'aikaci a Pari ke wuni aiki a kan faran 3 zuwa 5. Shugaban ƙungiyar, masani Victor Regnault, ya jawo hankalin masu takara ga gawayi, bisa hujjar cewa tsofaffin rubuce-rubucen da aka yi da tawadar gawayi sun shekara ɗaruruwa baƙinsu bai canza ba. Kamar dai an auna gasar ne da jikin Puwatban.

Ɗakin ɗab'i na titin Saint-Jacques

Ya bar aikin gishiri da albashinsa tabbatacce, ya buɗe ɗakin ɗab'i a Pari, kan titin Saint-Jacques. Ya buga hotunan gine-gine da na kayan tarihi, har da wani kundi na tsofaffin mutum-mutumin yumɓu. Masana sun yaba, amma yabo ba ya biyan haya. Aikin na son haƙuri, duwatsu na da tsada, ma'aikatan da suka iya ba su da yawa, shi kuma mutumin ɗakin gwaji ne, bai iya ciniki ba. Kamin shekara biyu ta cika aljihu ya bushe. A 1857 ya sayar da haƙƙin ɗab'insa na dutse ga Lemercier, mai babbar maɗaba'ar dutse ta Pari, a kan faran 20,000. Ya koma neman aikin injiniya, kuma sauran rayuwarsa haka ta tafi, daga wannan ma'aikata zuwa waccan: masana'antun gilashi a Faransa, har da wata mahaƙar darma da azurfa a gabashin Aljeriya.

Hoton gawayin ma yana da nasa aibi, babba kuwa. Baƙi na fita, fari na fita, amma abin da ke tsakani, inuwar kumatu, laushin gajimare, ninkin riga, sai ruwa ya tafi da shi, fuska ta fito kamar an yanka ta da almakashi. Wani limamin kirista mai koyar da kimiyya, Abbé Laborde, shi ya bayyana dalili a 1858. Haske daga sama yake shiga, saboda haka jima daga sama take farawa. Inda hoto ke da baƙi ƙirin, jima ta ratsa har ta kama takarda. Inda inuwa ce sassauƙa, ɓawo ne kawai ya taurara a sama, ƙarƙashinsa ɗanye, kamar taɓon bakin tabki da rana ta busar da fuskarsa. Da ruwan ɗumi ya narkar da na ƙasa, ɓawon ba shi da abin kamawa, sai ya yi iyo ya tafi.

Magani shi ne a wanke ta baya. A 1860 wani Bafaranshe, Fargier, ya zuba ma fuskar hoton kolodiyon ya riƙe ta, ya ɓanɓare, ya wanke daga ƙasa. Hotunansa sun yi kyau, amma aikin sai mai hannun likita. Wanda ya sauƙaƙa shi Baturen Ingila ne na garin Newcastle, Joseph Swan, mutumin da daga baya ya yi suna wajen ƙwan lantarki. A 1864 ya fito da takardar gawayi shiryayya. Bayan an sa ta rana, sai a manna fuskarta bisa wata takarda, a tsoma cikin ruwa mai zafin wajen digiri 40, a ɗaga ta farkon a yar, ɗanyen jelatin ya narke daga baya, duk ɓawon da ya jemu, mai kauri da marar kauri, ya zauna daram bisa sabuwar takarda. Ita wannan takarda mai karɓa akan shafe ta tun da farko da jelatin da aka taurara, domin kada ta saki hoton cikin ruwan zafi. Daga ƙarshe a tsoma hoton cikin ruwan alif, ya cire rawayar bikromat, ya ƙara masa tauri. Swan ya kuma gano alif mai kurom, wanda ya fi na randa ƙarfi nesa, yana jeme jelatin ko cikin duhu.

Ko da yake wasu ne suka gyara, alƙalan gasar ba su manta da wanda ya kafa tushe ba. A 1859 sun ba Puwatban lambar zinariya, suka ƙara wa'adi. A 1862 suka ba shi faran 2,000 na hoto marar dushewa, shekarar da ya wallafa littafinsa a kan buga hoto ba da gishirin azurfa ba. Babbar kyautar kuwa sai da aka yi ta ja-in-ja har 1867. Akwai Paul Pretsch, mutumin Ostiriya mazaunin Landan, da ke cewa ya riga shi. Akwai Charles Nègre, wanda hotunansa na farantin ƙarfe suka fi na kowa kyau a ido, har shi basaraken da kansa Nègre ya ba aikin hotunan littafin tafiyarsa ta Tekun Lut. Duk da haka kwamitin ya miƙa faran 8,000 ga Puwatban, bisa cewa yawancin hanyoyin da masu takara suka kawo rassa ne na itacen da ya dasa. Hukuncin ya yi ma Nègre ciwo, kuma in kyawun hoto ake aunawa yana da hujja. Amma shekarun da suka biyo baya sun gaskata alƙalai, domin hanyar Nègre ta tsaya a hannunsa, ta jelatin kuwa ta cika duniya.

Wa ya ci riba

A nan ne karin maganar nan ta kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ta sami wurin zama. Swan ya sayar da haƙƙinsa da daraja. A Landan aka kafa kamfanin Autotype a 1868. A Dornach, cikin Alzas, Adolphe Braun ya buga dubban hotunan gawayi na zane-zanen gidajen tarihin Turai, yana zaɓen launin gari daidai da na asalin zanen, ja ko baƙi ko ruwan ƙasa. Walter Woodbury ya ɗauki dabarar tudu da kwari, ya danna taurararren jelatin cikin darma da matsi mai ƙarfi, ya sami zubin buga hotunan littattafai. A Munik, a 1868, Josef Albert ya mayar da ɗab'in daga dutse zuwa gilashi mai kauri, ya fara shimfiɗa jelatin taurararre domin ya kama gilashin, sa'an nan ya zuba mai karɓar haske a kai. Wannan ita ce hanyar da Faransawa ke kira fototipi. Takardun mallakar Faransa shekara 15 suke yi, saboda haka na Puwatban sun mutu a 1870, daidai lokacin da abin ya fara kawo kuɗi.

Shi kam bai daina bincike ba. A 1860 ya gano wata hanya da gishirin ƙarfe da tsamin inabi, inda haske ke sa wuri ya yi danshi ya kama garin launi. Aka yi amfani da ita wajen gasa hoto bisa tangaran. Wajen 1865 ya sami launuka na gaskiya bisa takarda, ja da shuɗi da kore, amma ya kasa tsayar da su, in an fito da su haske sai su mutu. Mutumin da ya yi maganin dushewar baƙi, launi ya gagare shi. An ba shi lambar girma ta ƙasa, ƙungiyar ƙarfafa masana'antu ta Faransa kuma ta ba shi kyautar faran 12,000. Kuɗin duk da ya shigo, gwaji ne ke cinye shi. Da ƙarfi ya ƙare ya koma Conflans, ƙauyen da aka haife shi, ya rasu a can ran 4 ga watan Maris na 1882, yana da shekara 62, ba tare da ya bar wata dukiya ba. A 1885 abokan sana'a suka tara kuɗi suka kafa mutum-mutuminsa a Saint-Calais.

Bayan rasuwarsa

Aikinsa ya yi nisan da bai gani ba. Katunan gidan waya masu hoto da suka cika duniya daga 1900 zuwa yaƙin 1914, yawancinsu da fototipi aka buga su, har da na Edmond Fortier, mai hoton Dakar da ya kai Tumbutu a 1906. Da hotunan azurfa ne na farkon zamani, da wuya su kawo yau da kyansu. Da yake tawadar ɗab'i ce, ga su nan ana ganin kasuwanni da fuskokin mutanen wancan lokaci. Maɗaba'un jaridu ma sun daɗe suna shirya farantansu da farin ƙwai ko ƙaro mai bikromat, har tsakiyar ƙarni na 20, kamin sababbin magunguna su karɓe wurin.

Taurara jelatin kuma ya zama ilimi mai zaman kansa, wanda ƙasashen zafi suka fi kowa bukata. Abin da ke narkewa a digiri 35 ba shi da lafiya a garin da zafin bazara ke wuce 40, ruwan randa ma ya yi ɗumi. Masu wanke hoto na dā a irin waɗannan wurare sun sha ganin fuskar fim ta kumbura ta saɓule, shi ya sa littattafan sana'ar suka ware babi domin ƙasashen zafi, suna umurni da a bi da fim ta ruwan alif mai kurom, ko ta formol, wanda aka gano yana jeme jelatin cikin shekarun 1890.

Yau, da hoto ya koma cikin wayar hannu, akwai ƴan tsirarun masu fasaha a Turai da Amurka da Japan da suka koma ga hanyoyin nan na hannu, musamman na gawayi da na ƙaro. Hoton ƙaro, wanda Robert Demachy ya ɗaukaka a Pari cikin shekarun 1890, ana yin sa ne hawa-hawa: a shafa launi, a sa rana, a wanke, a bushe, a sake wani launi a kai, wani lokaci har sau biyar ko fiye. Saboda haka kamin a taɓa launi sai an yi ma takarda hidima. A fara jiƙa ta cikin ruwan zafi ta tsuke iyakar tsukewarta, domin kada ta motsa tsakanin hawa da hawa, hoto ya yi ido biyu. Sa'an nan a shafa mata jelatin, wajen giram 30 cikin litar ruwa, domin launi ya zauna a sama, kada ya shiga zare ya ɓata fari. Sa'an nan a taurara shafin, in ba haka ba wankin farko ya tafi da shi. Kowane mataurari da halinsa. Alif na randa ba shi da ƙarfi. Mai kurom yana da ƙarfi, amma a hankali yake aiki. Formol ya fi su kamawa, sai dai tururinsa na ƙona ido da huhu, likitoci kuma sun tabbatar yana kawo ciwon daji, don haka a fili ake aiki da shi. Giliyoksal bai kai shi wari ba, amma yakan sa takarda ta yi rawaya in ba a ɗauraye ta da wuri ba. Gulutaraldehid ɗan kaɗan ya isa, shi ma ba abin shaƙa ba ne. In tauri ya yi yawa takarda ta yi santsi, launi ya ƙi kamawa, ya ɓare. In ya yi kaɗan fari ya ƙazantu. Tsakanin biyun nan gwanintar take.

Shi kansa bikromat ɗin, ginshiƙin aikin Puwatban, guba ne. Ma'aikatan ƙarni na 19 da ke tsoma hannu cikinsa kullum sun sha fama da gyambon da ba ya warkewa, daga baya kuma aka tabbatar yana kawo ciwon daji. Tun watan Satumba na 2017 Tarayyar Turai ta hana amfani da shi sai da izini na musamman. Masu hoton gawayi da yawa sun koma ga wani magani da ake kira DAS, wanda shi ma haske ke sa shi ya ɗaure jelatin, ba kurom a cikinsa.

Hotunan gawayin da Braun da Autotype suka buga cikin shekarun 1860 da 1870 suna nan a gidajen tarihi, baƙinsu bai dushe ba. Abin da ke damun masu ajiyarsu wani ne dabam: inda jelatin ya yi kauri, wajen baƙi ƙirin, in ɗaki ya bushe ƙwarai yakan tsuke ya tsattsage, takarda ta nannaɗe. Shi ya sa ake ajiye su a shimfiɗe cikin akwatuna, a ɗakin da ake auna laimarsa safe da yamma.